Daga ruwan Tibiri zuwa buhun wake: yadda masana ke auna gubar da jiki zai iya ɗauka

Duk wanda ya haura shekara 30 a jahar Maradi ya san labarin yaran Tibiri, ko da bai taɓa taka garin ba. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara ba wannan gari na gundumar Gidan Rumji ruwan famfo daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi, wadda ke hannun kamfanin ruwa na ƙasa na wancan zamani, SNE. Ruwa ne garai-garai, ba wari, ba laka, kuma mata sun huta da jan guga. An yi kimanin shekara 15 ana shan shi. Sannu a hankali haƙoran yara suka fara yin ja, daga baya ƙafafu suka fara lanƙwashewa, wasu suka gwame, wasu suka yi ƙafar baka, wasu ma tafiyar ta gagare su.

Da aka kai ruwan ɗakin gwaji, sai aka tarar da sinadarin fuliyor daga miligiram 4.8 har zuwa 6.6 a kowace lita, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta tsaida iyakarta a miligiram 1.5. A farkon shekarar 2001 an ƙidaya yara fiye da 400 da ƙasusuwansu suka lalace, waɗanda abin ya shafa gaba ɗaya kuwa ana lissafin su da dubbai. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH da takwararta ta duniya FIDH suka fitar da rahoto a kan lamarin.

Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: wannan 1.5 daga ina ta fito? Wa ya yanke ta, kuma da wane lissafi? Tambayar ba ta tsaya ga ruwa ba. Ita ce dai ke bayan fiya-fiyar da ake yayyafa wa wake a rumbunan Agye, da maganin da ake fesa wa tumatir da kabeji a garake, da gyaɗar da ta yi fumfuna amma aka ƙi zubarwa aka yi ƙuli-ƙuli da ita. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da adadin da masana suka ce kar a wuce, kuma ba hanya ɗaya ake bi wajen samo adadin ba. In aka ɗauki hanyar da ba ta dace da sinadarin ba, lissafin zai fito tsaf a takarda, mutane kuma su ci gaba da cutuwa.

Awo da nauyin jiki

Masu ilimin guba ba su fara da tambayar ko abu guba ne. Suna fara da awo: nawa ya shiga jiki, a cikin kwana nawa, kuma jikin nawa ne nauyinsa. Saboda haka suke rubuta awo da miligiram a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana ɗaya. Aikinsu shi ne su gano yadda illa ke ƙaruwa in awo ya ƙaru. Wannan dangantaka ta awo da illa ita ce ginshiƙin duk wata iyaka da kuka taɓa gani a jikin kwalba ko a takardar sakamakon gwaji.

Mu gwada da ruwan Tibiri, mu ce miligiram 5 a lita don lissafi ya yi sauƙi. OMS kan ɗauka cewa babba mai kilo 60 yana shan lita 2 a rana, yaro mai kilo 10 kuma lita 1. Babba ya sha miligiram 10, in an raba da 60 ya kama 0.17 a kowane kilo. Yaro ya sha miligiram 5 kawai, amma in an raba da 10 ya kama 0.5. Randa ɗaya, moɗa ɗaya, amma awon yaron ya ninka na uwarsa sau 3, ga shi kuma a daidai lokacin ƙashinsa da haƙoransa ke ginuwa suna zuƙe fuliyor. Shi ya sa aka san abin da sunan yaran Tibiri, ba iyayen Tibiri ba.

Guba mai gaɓa

Akwai sinadaran da jiki ke iya ɗauka har wani matsayi ba tare da wata ɓarna ba, hanta ta sarrafa, ƙoda ta fitar. Kamar Gulbin Maradi ne da damina: ruwa na ƙaruwa amma gonaki na nan lafiya, sai ranar da ya haura gaɓa. Irin wannan guba aikin masani a kanta shi ne ya nemo gaɓar, sannan ya ja layi can baya da ita.

Fuliyor na cikin wannan rukuni, har ma da ƙari, domin kaɗan daga cikinsa yana kare haƙori daga ruɓewa. An san haka ne daga aikin wani likitan haƙori na gwamnatin Amurka, Trendley Dean, wanda a ƙarshen shekarun 1930 zuwa 1942 ya duba bakin yara fiye da 7,000 a garuruwa 21, yana kwatanta haƙoransu da yawan fuliyor na ruwan garinsu. Ya ga cewa a wajen miligiram 1 a lita ruɓewar haƙori ta ragu, tabo kuma bai yi yawa ba. In aka haura, tabon ke ƙaruwa. Daga irin waɗannan bayanai ne OMS ta tsaida 1.5 a 1984.

A nan akwai sa'a da ba kasafai ake samu ba: bayanan daga jikin mutane suka fito, ba daga dabbobi ba. Sai dai mutanen su wane ne? Yaran Amurka ne, galibinsu a garuruwa masu sanyi, masu shan madara. Yaron da ke wasa a rana a watan Afrilu a Gidan Rumji, lokacin da zafi ke haura 40, ba lita ɗaya yake sha ba, kuma da ruwan nan ake dama masa fura, a tuƙa tuwo, a yi kunu. Sannan ƙarancin sinadarin kalsiyom a abinci yana ƙara wa fuliyor ƙarfi a kan ƙashi, abin da likitocin Indiya suka lura da shi tun shekarun 1970 a ƙauyukan da yara ke gwamewa. A littattafai ana cewa fuliyor kan nakasa mutum ne galibi in ya wuce miligiram 10 a lita. A Tibiri bai kai 7 ba, ya nakasa.

Wasu masu bincike da suka yi aiki a Senegal sun buga sakamakonsu a mujallar likitoci ta Lancet a 1988, inda suka nuna cewa iyakar OMS ta yi sama ga ƙasa mai zafi irin ta Sahel, suka ba da shawarar a sauko da ita zuwa wajen 0.6. Ita kanta OMS ta rubuta cewa kowace ƙasa ta duba yanayinta da yawan ruwan da mutanenta ke sha kafin ta ɗauki 1.5. Mu dai a nan mun saba kwafo adadin mu bar sharaɗin da ke ƙarƙashinsa. Ku yi lissafin da kanku: yaro mai kilo 10 da ya sha lita 1 ta ruwan da ke daidai kan 1.5 ya samu 0.15 a kowane kilo, alhali hukumar likitocin Amurka a 1997 ta sa iyakar ƙananan yara a 0.1. Ruwan ya ci jarrabawa, yaron kuma ya wuce iyaka.

In babu mutane, sai ɓeraye

Mafi yawan magungunan ƙwari ba a da irin bayanan Dean a kansu, kuma ba wanda zai ɗura wa mutane guba don ya ga abin da zai faru. Saboda haka ake gwadawa a kan ɓeraye, wani lokaci karnuka ko zomaye. Tsohuwar hanya, wadda har yau ita ta fi yawa a takardun rajistar magunguna, ga yadda take. A ce an raba ɓeraye gida huɗu: na farko ba a ba su kome ba, na biyu miligiram 1 a kowane kilo, na uku 5, na huɗu 25, kullum har tsawon wata da watanni. A ce an ga illa a gida na uku da na huɗu, ba a gani a na biyu ba. Sai a ɗauki 1 a matsayin awo mafi girma da ba a ga illa ba.

Daga nan sai a raba shi da 100. Goma ta farko don mutum na iya fin ɓera rauni, goma ta biyu don mutane ba ɗaya suke ba, akwai jariri, akwai mai ciki, akwai tsoho mai ciwon ƙoda. Wasu masana biyu na hukumar abinci da magunguna ta Amurka, Lehman da Fitzhugh, su suka kawo wannan rabo da 100 a 1954. Abin da ya fito, a misalinmu 0.01, shi ne awon da aka yarda mutum ya ci kullum har ƙarshen rayuwarsa. A takardun Faransanci za ku gan shi da haruffa uku, DJA.

Hanyar tana da sauƙi, kowa na iya bin lissafinta, kuma ta yi aiki shekara da shekaru. Amma tana da lam'a biyu da ya kamata a sani.

Ta farko, amsar tana rataye ne da awon da mai gwajin ya zaɓa tun farko. Da ya ba ɓerayen 3 maimakon 1, wataƙila da nan ma ba a ga kome ba, sai DJA ta ninka sau 3 alhali maganin bai sauya ba. Gaɓar gaskiya tana wani wuri tsakanin 1 da 5, gwajin bai faɗi inda take ba.

Ta biyu ta fi muni. “Ba a gani ba” ba ya nufin “babu”. A ce wani awo yana cutar da ɓera 1 cikin kowane 10. In ɓeraye 10 kawai ka sa a gidan, lissafin dace ya nuna cewa sau ɗaya cikin uku ba za ka ga ko ɗaya da ya kamu ba, sai ka rubuta cewa awon lafiya lau ne. In ɓeraye 50 ka sa, da wuya ƙwarai abin ya kuɓuce maka. Wato wanda ya yi rowar ɓeraye shi zai samu iyaka mai sassauci, wanda ya kashe kuɗi ya yi aiki mai kyau shi zai samu mai tsanani. Duk ma'aunin da ke saka wa mai ha'inci da riba, akwai gyara a cikinsa.

Gyaran ya zo a 1984 daga wani masanin lissafi Ba'amurke, Kenny Crump. Ya ce maimakon a riƙe gida ɗaya a watsar da sauran, a zana layi da ya bi sakamakon dukan gidajen, daga ƙaramin awo zuwa babba. Sannan a zaɓi wata ƴar illa da za a ɗauka ma'auni, yawanci ƙarin kashi 10 cikin 100 na dabbobin da suka kamu, a duba layin a ga wane awo ne ke kawo ta. Tunda layin ƙiyasi ne, amsar kan zo da tazara, daga kaza zuwa kaza, sai a ɗauki ƙasan tazarar. Hikimar tana nan: in gwajin na da rauni, tazarar na faɗaɗa, ƙasanta ya ƙara sauka, iyakar ta ƙara tsanani. Rowar ɓeraye ta daina biya. Ana kiran wannan awon ma'auni, a taƙaice BMD. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai, EFSA, ta fifita shi tun 2009, kuma manhajojin da ake lissafinsa da su, BMDS ta Amurka da PROAST ta Holan, kyauta ne.

Ba kullum yake yiwuwa ba. Layi na bukatar sakamako hawa-hawa. In a gwajin ƙananan gidaje ba kome, babban gida kuma duka sun kamu, to ba abin da za a zana, dole a koma tsohuwar hanya. Magunguna da yawa da ke kasuwanninmu tsofaffi ne, gwaje-gwajensu ma tsofaffi ne.

Fiya-fiya a cikin wake

Manomin Agye ko na Gazawa da ya ɗebe wakensa a watan Oktoba ya san cewa in ya sayar nan take a araha zai sayar, in ya ajiye kuma ƙwari za su mai da shi gari kafin bazara. Wannan ne ya buɗe wa fiya-fiya ƙofa. Sinadarin da ke cikinta shi ne dikulorbos, wanda ake rubutawa DDVP. Aikinsa a jikin ƙwaro da jikin mutum iri ɗaya ne: yana toshe wani sinadari da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isa, sai saƙon ya yi ta maimaituwa. Wanda ya sha da yawa zai yi ta dalalar da miyau, gumi, amai, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya sarƙe. Wannan na gaggawa ne, asibiti ake nufa, ba a tsaya ba shi madara ko manja.

Shi ma mai gaɓa ne, amma gaɓarsa biyu. Akwai ta cin lokaci ɗaya, akwai ta cin yau da gobe. Kwamitin masana na FAO da OMS ya sa ta farko a miligiram 0.1 a kowane kilo, ta biyu kuma a 0.004, wato bambancin ninki 25. In gida guda suka kwanta bayan cin ɗanwake, da ta farko ake awo. In ana tambayar makomar yaron da ke cin shinkafa da wake kowace safiya a ƙofar lakwal, da ta biyu ake awo. Mai binciken da ya musanya su zai iya tayar da hankalin gari a banza, ko ya kwantar da shi a inda bai kamata ba.

Akwai kuma wani adadi na uku da ke rikita mutane, har da mu ƴan jarida. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun dikulorbos daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6 a kilon wake, alhali iyakarsu 0.01 ce. Wannan 0.01, da ake kira LMR a Faransanci, ba daga jikin ɓera ko na mutum ta fito ba. Turai ba ta yarda a yi amfani da maganin a gona ba, saboda haka ta sa iyakar a daidai mafi ƙanƙantar abin da na'ura ke iya ganowa. Iyaka ce ta doka da ciniki. Don a san haɗarin lafiya sai an koma ga DJA. Yaro mai kilo 15 rabonsa na rana miligiram 0.06 ne. Da waken da ke da 0.03 sai ya ci kilo 2 kafin ya kai. Da mai 4.6 kuwa giram 13 sun isa, abin da bai cika tafin hannunsa ba. Duka buhunan biyu sun karya dokar Turai, amma ɗaya ne kawai abin tsoro a tukunya. Gaskiya ne dikulorbos na tashi a iska, shanya da wanki da dafuwa suna rage shi sosai, saboda haka awon da ya fi gaskiya shi ne na dafaffen wake. Amma wanda ya sayi tiya ɗaya a kasuwa ba shi da hanyar sanin daga wane buhu aka ɗebo masa.

A garake kuma matsalar haɗe-haɗe ce. Mai lambu kan zuba magani biyu ko uku a famfon feshi ɗaya, kuma da yawansu dangin dikulorbos ne, wuri ɗaya suke bugu a jijiya. In aka auna kowanne shi kaɗai, kowanne na iya zama ƙasa da iyaka. Jiki kuwa tarawa yake yi. Ga magunguna masu aiki iri ɗaya, ƙa'ida ita ce a haɗa awonsu bayan an daidaita ƙarfin kowanne. Sannan mai feshin da kansa, wanda ke aiki da singileti da silifa, ta fata da hanci abin ke shigarsa, ba ta baki ba, kuma lissafinsa daban ne.

Kwamitin Sahel na magungunan ƙwari, CSP, wanda ke ƙarƙashin CILSS kuma ke zama a Bamako, shi ke duba waɗannan takardu kafin a ba magani izini a Nijar. Amma kwalabe da yawa da ke shigowa ta kasuwannin kan iyaka ba su cikin jerinsa, wasu ma an juye su a robar da ba ta da ko suna. Maganin da ba a san abin da ke cikinsa ba, babu lissafin da zai yi aiki a kansa. Game da wake kam akwai mafita da ta kauce wa lissafin gaba ɗaya: buhun PICS mai ruɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, masu binciken INRAN na Maradi suka yi aiki a kansa, aka fara yaɗa shi daga 2007. In an ɗaure shi da kyau iska ke ƙare wa ƙwarin, ba a sa ko ɗigon magani.

Gubar da ba ta da gaɓa

Duk abin da ya gabata ya ginu ne a kan cewa akwai awon da ba ya cutarwa. Ga wasu sinadarai wannan zato ba ya tsayawa, kuma mafi kusa da mu a cikinsu yana cikin gyaɗa.

Afalatoksin guba ce da wata fumfuna ke yi a jikin gyaɗa da masara in fari ya kama shuka, ko an tara amfanin bai gama bushewa ba. An gano ta bayan 1960, shekarar da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin tunkuzar da aka kawo daga Brazil. In ta yi yawa ƙwarai tana kisa nan take: a Kenya a 2004 mutum 317 suka kamu ta hanyar masara, 125 suka rasu. Amma babban haɗarinta na ɓoye ne. Hanta na juya ta zuwa wani abu da ke manne wa ƙwayar gado ta cikin tantanin jiki ya ɓata ta, kuma ɓarna ɗaya a muhimmin wuri na iya zama mafarin sankarar hanta bayan shekaru. Wannan ba gulbi da gaɓa ba ne. Tartsatsin wuta ne kusa da rumbu: mafi yawansu mutuwa suke yi a ƙasa, amma ba wanda zai ce maka tartsatsi kaza ba kome. Shi ya sa ba a ba afalatoksin DJA ba, kuma duk wanda ya raba awonta da 100 ya ce ga rabonka na kullum, ya ɗauki hanyar da ba tata ba.

Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce a ɗauka cewa haɗari na tafiya kafaɗa da kafaɗa da awo har zuwa sifili, a lissafa mutum nawa za su kamu. Kwamitin FAO da OMS mai suna JECFA ya yi wannan a ƙarshen shekarun 1990, ya kuma gano abin da ya shafe mu kai tsaye: ga mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, ƙarfin afalatoksin ya ninka kusan sau 30. Ta biyu ita ce a auna tazara tsakanin awon ma'auni na dabbobi da abin da mutane ke ci. EFSA ta ce in tazarar ta kai ninki 10,000 damuwa kaɗan ce.

Mu gwada su duka a kan mutum ɗaya. Babba mai kilo 60 yana cin giram 30 na gyaɗa a rana, gyaɗar kuma tana daidai kan iyakar cinikin duniya ta Codex, mikirogiram 15 a kilo, mu ce duka nau'in da ya fi ƙarfi ne. Awonsa ya kama nanogiram 7.5 a kowane kilo na jikinsa. Awon ma'aunin da EFSA ta ɗauka a 2020 nanogiram 400 ne. Tazarar ke nan ba ta wuce ninki 53 ba, ina 53 ina 10,000. Da lissafin JECFA kuma, a cikin mutum 100,000 masu irin wannan ci, in ba su da ciwon hanta nau'in B, ba za a samu ko mutum ɗaya cikakke a shekara ba. In suna da shi, za a samu 2 da ɗan ɗoriya kowace shekara.

Amsoshin biyu ba su saɓa wa juna ba, tambaya daban kowacce ke amsawa. Tazara tana gaya wa hukuma wace guba za ta fara bi. Lissafin JECFA yana gaya mata inda kuɗinta zai fi ceton rai, kuma a ƙasa irin tamu, inda masu ɗauke da ƙwayar ciwon hanta a cikin manya suka kai ko suka wuce 8 cikin 100, amsar ba ta tsaya ga tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa ba. JECFA da kansa ya lura cewa tsananta iyakar doka daga mikirogiram 20 zuwa 10 ba zai kawo bambancin da za a iya gani a yawan masu sankara ba. Allurar rigakafin ciwon hanta, wadda ta shiga jerin alluran jarirai a Nijar a 2008, ta fi shi tasiri nesa. A ganina wannan na cikin abubuwan da ya kamata a riƙa faɗa wa mata masu sana'ar mai da ƙuli-ƙuli tare da batun shanya da tsinta, domin gyaɗar da aka ware don ta yi baƙi sau da yawa ba a zubar da ita, gida take komawa.

Dalma ma ta koma wannan rukuni, duk da cewa ba ta hanyar sankara ba. Shekaru da yawa JECFA na da iyakar mako-mako a kanta, mikirogiram 25 a kowane kilo. A 2010 ya janye ta, don bincike ya nuna tana rage kaifin ƙwaƙwalwar yara a kowane awo da aka iya dubawa. A wannan shekarar ce kuma yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jahar Zamfara, maƙwabciyarmu ta kudu, saboda niƙa duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje. Iyaka ba wahayi ba ce, ana sauya ta in sabon sani ya zo.

Rabon da ke kanmu

Ba a bukatar Nijar ta sake kiwon ɓeraye don auna dikulorbos ko afalatoksin. Layin awo da illa an riga an zana shi, kuma hantar Bagobiri da ta Bature aiki ɗaya suke yi. Abin da ba wanda zai yi mana daga Janeba ko Roma shi ne ɗaya ɓangaren lissafin: lita nawa yaron Tibiri ke sha a watan Mayu, wake giram nawa ke shiga cikin ɗan shekara biyar a Gazawa, kilo nawa ne nauyinsa na gaskiya. A jahar da tamowa ke kama yara kowace shekara, yaro mai shekara 3 na iya zama da nauyin da littafi ya ba ɗan shekara 2, kuma duk kilon da ya rasa ƙari ne a kan awonsa. Ko goman nan ta bambancin mutane, da aka ce ta ishi mai rauni, ba da yaron da ke fama da tamowa da zazzaɓin cizon sauro lokaci ɗaya aka tsara ta ba. Wannan aiki ne na sikeli da kofin awo da littafin rubutu, wanda ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo za su iya yi a ƙauyuka ba tare da na'ura mai tsada ba.

Saboda haka in wani aikin raya karkara ya zo garinku da takarda ya ce an gwada ruwa ko abinci kuma “yana cikin ƙa'ida”, ɗan majalisar gari ko shugaban kwamitin ruwa na da damar tambaya: ƙa'idar ta lafiya ce ko ta ciniki, ta cin rana ɗaya ce ko ta kullum, kuma da nauyin babba aka yi lissafin ko da na yaro.

Game da ruwa, fuliyor daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, kuma rijiyoyi biyu a gari ɗaya na iya bambanta ƙwarai gwargwadon zurfin kowacce. Kowace sabuwar burtsatse sai an gwada ta ita kaɗai kafin a buɗe famfo, a kuma riƙa maimaitawa. In ya yi yawa, ko dai a gauraya ruwan da na wata rijiya mai ƙaranci, ko a tace da gawayin ƙashi, ko a sauya rijiyar. Tace ruwa da ƙyalle ba ya cire shi, maganin kashe ƙwayoyin cuta ma haka. Tafasawa kuwa ƙara shi take yi, don ruwan ke tashi, fuliyor ya zauna a tukunya. Alamar farko da uwa za ta iya gani ita ce farin tabo kamar alli a haƙoran da yaro ya sake bayan famfara, kuma lokacin da tabon ya bayyana yaron ya riga ya yi shekaru yana shan ruwan.